Yadda Ake Zaɓar Kalmar Turanci Idan Abu Ya Cika Zuciya da Daɗi ko Al'ajabi

Duk wanda yake rubutu da Turanci, ko yake juya magana daga Hausa zuwa Turanci, wata rana zai isa gaɓar da yake son ya ce wani abu ya ƙayatar da mutum matuƙa, ya ɗauke masa hankali, ko ya bar shi baki buɗe saboda al'ajabi. A irin wannan wuri ne masu koyo da yawa suke komawa ga 'yan kalmomin da suka saba da su, irin su “please”, “surprise” da “interest”, sannan su liƙa musu “very much” da fatan nauyin da suke nufi zai bayyana. Sau da yawa ba ya bayyana, domin kalmomin nan masu sanyi ne tun asali, kuma ƙarin da aka yi musu ba ya ɗumama su. Turanci yana da aikatau sama da ashirin da aka tanada domin wannan aiki, saboda haka wahalar ba ta ƙarancin kalma ba ce, ta zaɓi ce.

Abin da yake ƙara rikita mai koyo shi ne ƙamus na kalmomi masu kusancin ma'ana, wanda yake jera “enchant”, “captivate”, “enthral”, “mesmerize” da “enrapture” a layi guda kamar duk abu ɗaya suke faɗa. Irin wannan ƙamus, tun daga wanda Peter Mark Roget ya fitar a Landan a 1852, yana tara kalmomi ne bisa tunanin da suka yi tarayya a cikinsa, kuma amfaninsa ya fi yawa ga wanda ya riga ya san bambancinsu yana neman abin da zai tuna masa kawai. Wanda bai san bambancin ba, idan ya ɗauko ɗaya da ka, yana iya yabon malaminsa da kalmar da take ɗauke da zargin yaudara, ko ya bayyana farin cikinsa da kalmar da take nufin fyaɗe a tsohon rubutu.

Matakin farko, kafin a buɗe kowane ƙamus, shi ne mai rubutu ya tambayi kansa abin da ya sami mutumin da yake magana a kansa. Kusan duk waɗannan aikatau ba domin daɗi aka ƙirƙire su ba. Sun fara ne da nufin wani abu na zahiri, galibi mai ban tsoro, da aka yi wa mutum ba da son ransa ba: ko an yi masa sihiri, ko an kama shi an ɗaure, ko an fizge shi an tafi da shi, ko kuma an buge shi ya sandare. Da zamani ya yi nisa ma'anar ta yi laushi har ta koma yabo, amma inuwar asalin ba ta gushe ba, kuma ita ce take yanke hukuncin wace kalma ta dace da wane wuri. Yawan kalmomin kuwa tarihi ne ya jawo shi, domin a kan tsohon Turanci an zuba kalmomin mutanen arewacin Turai da suka mamayi sassan Ingila, sannan Faransanci ya shigo da ƙarfi bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, daga baya kuma masana suka yi ta aro kai tsaye daga Latin da Girkanci.

Idan kamar sihiri aka yi wa mutum

Rukunin da ya fi kowanne yawa shi ne na sihiri, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa. “Enchant” ta biyo ta tsohon Faransanci daga kalmar Latin “incantare”, wato rera waƙar tsafi a kan mutum, kuma “cantare” da ke cikinta rera waƙa take nufi. A yau kalmar ta dace da kyau mai laushi wanda yake sanyaya rai, irin na murya mai daɗi, ko lambu da yamma, ko labarin da ake ba yara. Jimla irin “The children were enchanted by the story” daidai take zaune, domin akwai daɗi a ciki, akwai al'ajabi, kuma babu tashin hankali. Ba a ɗora ta a kan abu mai ƙarfi ko mai firgitarwa. Wanda ya kalli aman wuta na dutse ko gasar tseren motoci ba a cewa abin ya yi masa “enchant”, komai burge shi da ya yi.

“Charm” 'yar uwarta ce ta kusa, don ita ma daga waƙa ta fito, wato “carmen” ta Latin, amma ta fi ta rashin nauyi, kuma tana yawan nuna cewa akwai niyya. Mutum ne yake yi wa mutane “charm” da fara'a da daɗin baki, wani lokaci domin ya sami abin da yake so, shi ya sa ake cewa “He charmed his way into the meeting” game da wanda ya shiga taron da ba a gayyace shi ba da zaƙin harshensa kawai. Daga nan taku ɗaya ne zuwa “beguile”, wadda “guile” da ke cikinta makirci ne tsantsa. Ana iya cewa murmushi “beguiling” ne, kuma mai karatu zai fahimci cewa yana da kyau, amma zai kuma ji cewa ana gargaɗinsa kada ya saki jiki. Wannan ita ce kalmar da bai kamata a yaba wa malami ko shugaba da ita ba, sai dai idan suka ake nufi a fakaice. “Bewitch” kuwa har yanzu warin maita bai bar ta ba, tunda “witch” tana zaune a tsakiyarta kowa yana gani, kuma idan aka ce wani ya zama “bewitched” ana nuna cewa sha'awar ta rinjayi hankalinsa har ba ya auna abu yadda ya kamata.

“Fascinate” ita ce wadda masu koyo suka fi sani a cikin rukunin, kuma ita ce aka fi sa wa a inda ba muhallinta ba. Asalinta “fascinum” ne na Latin, wato sihiri, kuma da ta shigo Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 16 ma'anarta ita ce sihirce mutum, musamman da kallo, yadda ake cewa maciji yana ƙame ɗan tsuntsu da idonsa. A yanzu ta ƙaura daga zuciya ta koma ƙwaƙwalwa. Abin da ya yi wa mutum “fascinate” shi ne abin da yake son ya ƙara sani a kansa, ya yi ta tambaya, ya kasa barinsa, kamar yadda ilimin taurari ko tarihin wata daula yake kama wasu. Babu sharaɗin daɗi a cikinta ko kaɗan, domin mutum yana iya zama “fascinated” da cuta, da yaƙi, ko da shari'ar kisan kai, har Turanci yana da lafazin “morbid fascination” domin irin sha'awar kallon abin da rai yake ƙyama. Don haka wanda yake nufin farin ciki ya nemi wata kalma, wanda kuma yake nufin ƙishin sani ya riƙe wannan.

Akwai kuma “spellbind”, wato ɗaure mutum da sihiri, amma da wuya a ji ta a matsayin aikatau kai tsaye. Siffofinta biyu ne suke aiki, “spellbound” ga wanda abin ya kama da “spellbinding” ga abin da ya kama shi, kuma mazauninta na kullum shi ne jama'a masu sauraro da suka yi tsit, kamar a “She held the audience spellbound”. Masu son nahawu za su ji daɗin sanin cewa kalmar “glamour”, wadda yau take nufin ƙyalƙyali da ado, a bakin mutanen Sikotilan sihiri take nufi, kuma sauyin furuci ne na “grammar”, domin a zamanin da ana ganin mai zurfin karatu ba ya rasa sanin asiri.

Kamu, ɗauri da ƙamewa

“Captivate” daga “captivus” ta Latin take, wato wanda aka kama a yaƙi, kuma ita ce kalmar da ta fi aminci idan mai rubutu yana shakka, domin tana haɗa jan hankali da sace zuciya ba tare da zargin yaudara ko warin maita ba. Tana karɓar mutum, tana karɓar waƙa, tana karɓar wuri. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada a haɗa ta da “capture”, wadda ta riƙe ma'anar kamu na zahiri. Jami'an tsaro “capture” suke yi wa mai laifi. Wanda ya rubuta cewa sun yi masa “captivate” ya ce ne sun burge shi har ya kamu da sonsu.

“Enthral” ta fi ta nauyi, kuma asalinta ya fi muni, domin “thrall” bawa ne a harshen tsoffin mutanen arewacin Turai, ma'anar aikatau ɗin ta farko kuwa ita ce bautar da mutum. Abin da ya rage mata daga wancan asali shi ne tsawon lokaci. Kallo ɗaya yana iya yi wa mutum “captivate”, amma “enthral” tana bukatar abin da yake ci gaba yana riƙe mutum har ya manta da tafiyar lokaci, kamar dogon labari, ko wasan ƙwallo da ba a san gwani ba sai minti na ƙarshe. Lafazin “in thrall to” kuwa bai yi laushi ba ko kaɗan, yana nufin mutum yana ƙarƙashin ikon wani abu ta hanyar da ba ta da kyau. A wajen rubutu, mutanen Birtaniya suna sa harafin “l” ɗaya a ƙarshe, Amurkawa suna sa biyu, kamar yadda suke yi a “fulfil” da “fulfill”, amma a “enthralled” da “enthralling” kowa biyu yake sawa. Ƙamus zai kawo “grip”, “rivet”, “absorb” da “engross” kusa da su, sai dai waɗannan hankali kawai suke riƙewa, ba su yi alkawarin daɗi ba.

“Mesmerize” ta bambanta da sauran domin daga sunan mutum aka samo ta. Franz Anton Mesmer, wanda aka haifa a 1734 ya rasu a 1815, likita ne Bajamushe da ya yi karatu a Viyana, kuma ya yi da'awar cewa akwai wani ƙarfi mai kama da na maganaɗisu da yake gudana a jikin halittu, wanda idan ya toshe sai cuta ta kama mutum. Ya koma birnin Paris a 1778, inda marasa lafiya suka riƙa zama kewaye da wani babban baho mai sandunan ƙarfe, shi kuma yana zagayawa yana motsa hannuwa a gabansu har wasu su fita daga hayyacinsu. A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike wanda ya ƙunshi masanin kimiyya ɗan Amurka Benjamin Franklin da masanin sinadarai Antoine Lavoisier, kwamitin kuma ya yanke cewa babu wani ƙarfin maganaɗisu, tunanin majinyatan ne yake aiki a kansu. Da'awar ta faɗi, sunan ya zauna. Sanin wannan tarihi yana taimakawa wajen amfani da kalmar, domin har yau ta fi dacewa da abin da ido yake kallo yana motsi iri ɗaya a kai a kai: igiyar ruwan teku, harshen wuta, rawa, ko yatsun gwanin makaɗi. Wanda aka yi wa “mesmerize” ya ƙura ido ne ya kasa ɗaukewa, ba lallai ne yana murna ba. “Hypnotize”, wadda likitan fiɗa James Braid ɗan Sikotilan ya yaɗa tushenta a shekarun 1840 daga kalmar Girkanci mai nufin barci, tana yin aiki iri ɗaya, amma ta fi karkata ga ma'anarta ta likitanci.

A nan ne kuma “entrance” take, kalmar da take yaudarar ido. Idan suna ce mai nufin ƙofar shiga, a gaɓar farko ake danna murya. Idan aikatau ce mai nufin jefa mutum cikin “trance”, wato halin da yake a farke amma hankalinsa ya tafi, a gaɓa ta biyu ake dannawa. Rubutunsu ɗaya ne, asalinsu daban, kuma mai karanta jawabi a gaban jama'a ya kamata ya yi wa kansa alama a takarda. A ma'ana tana tsakanin “enchant” da “mesmerize”, tana da daɗin ta farko da ƙamewar ta biyu.

Idan daɗin ya fitar da mutum daga kansa

Wanda yake neman kalmar da take nufin cika mutum da matsanancin farin ciki, ba tare da wata ma'ana ta gefe ba, “enrapture” yake nema. Tushenta “rapere” ne na Latin, wato fizgewa, kuma hoton da ke cikinta shi ne na wanda daɗi ya sure shi ya yi sama da shi. Kalma ce ta adabi, ta dace da sharhin waƙa da rubutun zube mai armashi, amma a hira ta yau da kullum ko a wasiƙar aiki za ta yi kama da babbar riga a jikin yaro. Daga tushe ɗaya aka sami sifar “rapt”, wadda ta fi zama a “rapt attention”, wato sauraro da dukkan hankali.

“Ravish” ma daga nan ta fito, kuma ita ce ta fi kowace haɗari. A tsohon rubutu tana nufin sace mace da ƙarfi ko yi mata fyaɗe, kuma wannan ma'ana ba ta mutu ba. Sifar “ravishing” ta tsira, ana faɗinta game da kyakkyawar mace ko kiɗa mai ratsa jiki, amma shawarata ga duk wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne ita ce ya bar aikatau ɗin kwata-kwata idan mutum ne karɓau, wato wanda aikin ya faɗa a kansa, domin babu abin da za ta ba shi wanda “enrapture” ba za ta ba shi ba cikin kwanciyar hankali. “Transport” tana iya nufin daɗi ya ɗauke mutum zuwa wata duniya, amma sai an cika mata jimla, kamar “The music transported her to another world”, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka sufuri ake nufi, ko ma ya tuna cewa da wannan kalma ce Birtaniya ta riƙa kiran tura fursunoni zuwa Ostireliya daga 1788 zuwa 1868.

Sauran na wannan rukuni ba sa bukatar dogon bayani. “Thrill” asalinta huda rami ne, dangin ƙarshen kalmar “nostril” ce mai nufin ƙofar hanci, kuma tana nuna daɗin da yake ratsa jiki farat ɗaya har tsikar jiki ta tashi. “Exhilarate” ta jiki ce ita ma, ta gudu da iska mai sanyi da haɗarin da aka tsallake. “Elated” ta wanda ya yi nasara ce, kuma kusan kullum a wannan siffa ake ganinta. “Electrify” ta taron jama'a ce da jawabi ko wasa ya tsuma su gaba ɗaya. “Galvanize” kuwa, wadda aka samo daga sunan Luigi Galvani na birnin Bologna a Italiya, mai gwajin lantarki a kan ƙafafun kwaɗi, ba ta cikin kalmomin daɗi ko da an jera ta kusa da su, zaburar da mutane su tashi su yi aiki take nufi.

Al'ajabi ba daɗi ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kalmomin mamaki a matsayin kalmomin yabo. “Astonish”, “astound” da “stun” duka suna komawa ga tsohuwar kalmar Faransanci “estoner”, wadda ake danganta ta da tsawa, “amaze” kuma a tsohon Turanci ruɗa mutum take nufi. Abin da suke faɗa shi ne cewa mutum bai zaci abin ba, amma ba su ce mai kyau ne ko maras kyau ba. Ana iya zama “astonished” da kyautar da aka samu, ana kuma iya zama haka da rashin kunyar wani. “Stunned” ta fi karkata ga mugun labari, alhali “stunning” yabon kyau ce, kuma wannan saɓani tsakanin siffofi biyu na kalma ɗaya dole ne a haddace shi, ba a gano shi da ƙa'ida. “Dazzle” ta haske ce da yake kashe ido, saboda haka ta dace da gwaninta mai ƙyalli, tare da ɗan nuni cewa ƙyallin yana iya hana mutum ganin aibi.

Idan al'ajabin ya haɗu da kwarjini, irin wanda mutum yake ji a gaban abin da ya fi ƙarfinsa, kalmar ita ce “awe”, wadda asalinta tsoro ne. An fi amfani da ita a “awed by”, “in awe of”, “awestruck” da “awe-inspiring”. 'Ya'yanta biyu sun bi hanya daban, “awful” ta koma nufin mummunan abu, “awesome” kuma yawan faɗi, musamman a Amurka, ya sa ta koma yabon kowane ƙaramin abu, don haka a rubutu mai nauyi “awe-inspiring” ce take ɗaukar kayan da “awesome” ta sauke. Ita kuwa “wonder”, a matsayin suna ita ce al'ajabi, amma a matsayin aikatau tunani da tambayar kai take nufi, kuma ba ta karɓar mutum a matsayin karɓau. Ba a cewa “It wondered me”. Abin da ake cewa shi ne “It filled me with wonder”, ko a juya jimlar a ce “I marvelled at it”, inda mutumin ne ya zama aikau, wato mai yin aikin.

Gina jimlar

Bayan an zaɓi kalma, saura a zaunar da ita. Waɗannan aikatau so-karɓau ne, abin da ya burge shi ne aikau, mutumin da aka burge shi ne karɓau, daidai da yadda ake cewa “labarin ya burge ni” da Hausa. Tarkon yana zuwa ne daga irin “na yi mamaki”, inda mai magana yake gaba, wanda yake sa mai koyo ya rubuta “I amazed”, alhali “I was amazed” ake cewa. Daga nan ne ƙa'idar ɗafa-ƙeya guda biyu, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, take tasowa: “-ed” na wanda abin ya sama, “-ing” na abin da ya jawo. Wanda ya ce “I am fascinating” ya yabi kansa ne cewa shi mutum ne mai jan hankali, ko da nufinsa shi ne abu ya ja hankalinsa.

Ƙananan kalmomin da suke biyo baya ma suna da tsari. “By” tana tafiya da kusan dukkansu, kuma ita ce mafaka idan ana shakka: “captivated by”, “enthralled by”, “mesmerized by”, “dazzled by”. “Delighted” da “thrilled” suna karɓar “with” idan abu ne aka samu a hannu, suna karɓar “to” idan aikatau ne zai biyo. “Amazed” da “astonished” suna karɓar “at” ko “by”. A lura kuma cewa “delight in” wani abu ne daban, tana nufin jin daɗin aikata abu, sau da yawa abin da yake ɓata wa wasu rai. Game da ƙarfafawa, waɗannan kalmomi sun riga sun kai ƙololuwa, don haka “very” ba ta zama da su da kyau. Kunnen mai harshen ya fi karɓar “absolutely delighted”, “utterly captivated” ko “completely mesmerized”, kuma sau da yawa barin kalmar ita kaɗai ya fi duka ƙarfi. A harafin ƙarshe, “mesmerize” da “mesmerise” duka daidai ne. Amurkawa “z” suke sawa, a Birtaniya “s” ta fi yawa ko da yake maɗaba'ar Jami'ar Oxford “z” take bi, abin da ake so kawai shi ne a tsaya a kan ɗaya a rubutu guda.

Sai kuma a duba wurin da maganar za ta sauka. A wasiƙar aiki ko amsa gayyata, “delighted” ce kalmar da aka saba da ita, kamar “I am delighted to accept”, kuma ba ta wuce gona da iri. “Thrilled to announce” ta gaji saboda yawan amfani da kamfanoni suke yi da ita a sanarwa, haka ma “amazing” a kafafen sada zumunta. A hira ana jin “blow away” da “wow” a matsayin aikatau, amma ba a shigar da su rubutun ilimi. Ya kamata kuma a san cewa masu harshen, musamman a Birtaniya, suna yawan juya waɗannan kalmomi su zama gatse, ta yadda “Charming!” da aka faɗa bayan wani ya yi rashin ladabi kishiyar yabo ce.

Hanyar tabbatarwa ta ƙarshe ita ce a ga kalmar cikin jimlolin da masu harshen suka rubuta da kansu. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford, Longman ko Cambridge, ya fi ƙamus na kalmomi masu kusancin ma'ana amfani a nan, domin yana kawo misalai kuma yana nuna ko kalma ta adabi ce ko ta hira. Wanda yake son ya zurfafa yana iya bincika rumbun rubutu irin British National Corpus, mai ɗauke da kalmomi kimanin miliyan 100, ya duba sunayen da suke yawan zama kusa da aikatau ɗin. Ga kuma gwajin da kowa zai iya yi da alƙalami: a ɗauki jimla ɗaya, misali “muryarta ta ɗauke hankalin masu sauraro”, a fassara ta da aikatau daban-daban, a tambayi abin da ya sauya. Da “enchanted”, muryar mai laushi ce kuma sun ji daɗi. Da “enthralled”, ta daɗe tana rerawa ba wanda ya motsa. Da “mesmerized”, sun ƙame sun ƙura mata ido. Da “astonished”, ba su zaci tana da irin wannan murya ba. Da “beguiled”, akwai abin da take nema a wurinsu. Idan biyu daga ciki suka yi daidai da abin da ya faru, a ɗauki wadda ta fi sauƙi a bar ɗayar, kada a jera su biyu a jimla ɗaya, domin “enchanted and captivated” ba ta fi kowace ɗaya daga cikinsu ƙarfi ba.